Sudo ya ƙi bayan an dawo da wuta: nazarin matsala a wata sabar Ubuntu

Sabar ta wata makarantar kuɗi ce, tana ajiye a ɗakin da ke kusa da ofishin akawu, kuma ita ke ɗauke da manhajar rajistar ɗalibai da sakamakon jarrabawa. Ubuntu Server 22.04 ne a kanta, an girka shi daga filashi. Injiniya ɗaya ne ke kula da ita daga wani gari, yana shiga ta SSH, hanyar shiga na'ura daga nesa, da mabuɗi maimakon kalmar sirri, asusunsa kuwa shi ne na farko da aka buɗe lokacin girki. A nan za mu kira asusun `injiniya`.

Safiyar wata Litinin aka kira shi cewa faifan ajiya na waje bai hau ba. An ɗauke wuta cikin dare, batirin UPS ya ƙare, sabar ta mutu, da aka tada janareta ta sake tashi. Ya shiga ta SSH lafiya ƙalau, ya buga `sudo mount -a`, aka tambaye shi kalmar sirri, ya sa, sai ga amsa:

`injiniya is not in the sudoers file. This incident will be reported.`

Wato asusun ba ya cikin sudoers, fayil ɗin da ke faɗin wanda zai iya amfani da sudo, kuma za a kai rahoton abin. Sudo shi ne umarnin da ke ba mutum ikon root, babban asusun da ke iya komai a na'urar. Wannan asusun na `injiniya` ne ya yi ta amfani da sudo har daren Asabar ba tare da wata matsala ba. Babu wanda ya taɓa sabar ranar Lahadi. Saboda haka zargi ya tafi kan wutar: ko faifai ya lalace, ko wani fayil ya yanke ana cikin rubuta shi. Daga baya aka ga wutar ba ta ɓata komai ba, ɓarnar da aka yi tun ranar Alhamis ce kawai ta fito fili.

Karanta saƙon kafin a taɓa komai

Yawancin lokacin da ake ɓatawa a irin wannan matsala yana tafiya ne wajen gyaran abin da bai lalace ba. Sudo yana da saƙonni dabam-dabam, kowanne da inda yake nunawa, kuma wanda ya saba da su zai yanke rabin bincike tun daga layin farko.

Da kalmar sirri ce ba daidai ba, `Sorry, try again.` zai gani, bayan gwaji uku kuma a sallame shi. Wannan yana yawan samun masu shiga da mabuɗi, domin watanni na wucewa ba su buga kalmar ba har ta ɓace musu. A nan an karɓi kalmar sannan aka ƙi shi, wato an yarda shi ne, izinin ne babu.

Da saƙon ya ce `a terminal is required to read the password`, to an tura umarnin ne kai tsaye daga nesa, kamar `ssh sabar sudo mount -a`, ba a buɗe masa allon da zai tambayi kalmar sirri ba. Maganinsa `ssh -t`. Tsofaffin na'urorin CentOS masu `requiretty` a sudoers suna ba da ɗan'uwan wannan saƙo, `you must have a tty to run sudo`.

Da ya ce `/usr/bin/sudo must be owned by uid 0 and have the setuid bit set`, to wani ya saki `chown -R` ko `chmod -R` a kan `/usr`. Lafiyayyen sudo na root ne, izininsa 4755, kuma `ls -l /usr/bin/sudo` zai fara da `-rwsr-xr-x`. Idan harafin `s` ɗin nan ya tafi, sudo ya zama manhaja kamar kowace, ba ya iya ɗaga kowa. Haka nan `/etc/sudoers is world writable` yana nufin an buɗe fayil ɗin da ya kamata ya tsaya a 0440. Shi kuwa `unable to resolve host` hayaniya ce kawai da jinkiri: sunan na'urar ne babu a `/etc/hosts`, amma umarnin yana wucewa.

Saƙon da injiniyan ya samu ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Sudo yana aiki, ya karanta dokokinsa, ya duba, bai ga layin da ya shafi wannan asusun ba. A Ubuntu layin da ke ba mai kula iko shi ne `%sudo ALL=(ALL:ALL) ALL`. Alamar `%` tana nufin rukuni. Ba a rubuta sunan mutum a ciki ba, duk wanda ke rukunin `sudo` shi aka ba. A Red Hat da danginta rukunin `wheel` ne ke wannan aiki. To ko dai layin ya ɓace, ko asusun ya fita daga rukunin.

Ƙofofi uku da suka ƙi buɗuwa

Kafin ya kai ga wannan tunani, injiniyan ya gwada abin da kowa ke gwadawa. `su -` ya dawo masa da `Authentication failure`, domin Ubuntu na barin asusun root a kulle, babu kalmar sirrin da za ta buɗe shi. Shiga kai tsaye da `ssh root@sabar` ma bai yiwu ba: tun OpenSSH 7.0 na 2015, abin da ake samu a `PermitRootLogin` in ba a canza ba shi ne `prohibit-password`, wato sai da mabuɗi, kuma ba a taɓa ajiye wa root mabuɗi a wannan sabar ba. `pkexec`, wani umarni mai aiki irin na sudo, shi ma a Ubuntu 'yan rukunin `sudo` yake ɗauka a matsayin masu iko, don haka ya koma ga matsalar farko.

Sai ya nufi rajistar da sabar ke rubuta shige da fice a cikinta, ya buga `tail /var/log/auth.log`, aka ce masa `Permission denied`. Nan ne aka samu babbar alama, ko da yake da farko kamar ƙarin ciwon kai ce. Wannan fayil 'yan rukunin `adm` ke iya karanta shi ba tare da sudo ba, kuma asusun farko na Ubuntu yana cikin `adm` tun daga girki. Lalacewar `/etc/sudoers` ba za ta hana karanta rajista ba. Idan an rasa sudo kuma an rasa `adm` a lokaci guda, to abu ɗaya ne ya kwashe su tare.

Umarni biyu suka tabbatar, kuma duka ba sa bukatar iko:

`id -nG` ya ba da `injiniya docker`

`getent group sudo` ya ba da `sudo:x:27:`

A sabuwar Ubuntu Server 22.04, asusun farko yana cikin `adm cdrom sudo dip plugdev lxd`. Duka shida sun tafi, `docker` ya zauna a wurinsu. Rukunin `sudo` mai lamba 27 kuwa fayau yake, ba ko mutum ɗaya a ciki. Ma'anar haka ita ce a duk sabar babu asusun da zai iya zama root ta hanyar da aka saba.

`grep usermod ~/.bash_history` ya fito da layin ranar Alhamis, ranar da aka girka Docker, manhajar da ke gudanar da shirye-shirye a keɓaɓɓun wurare da ake kira kwantena:

`sudo usermod -G docker injiniya`

An bar harafi ɗaya. `-G` shi kaɗai yana nufin "waɗannan su ne rukunonin wannan asusu daga yau", duk wanda ba a ambata ba a cire shi. Sai an haɗa da `-a`, a rubuta `-aG`, sannan ya zama ƙari a kan abin da ke akwai. Umarnin ba ya gargaɗi, ba ya tambaya, ba ya buga ko layi ɗaya a allo. A ganinmu wannan aibi ne a tsarin umarnin kansa, amma haka yake, kuma ba a sa ran zai canza.

Me ya sa sai bayan kwana huɗu

Wannan ne ɓangaren da ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin shi ke sa mutane ɗora laifi a kan wuta, ko sabuntawa, ko kutse.

Linux ba ya komawa `/etc/group` a duk lokacin da aka buga umarni. Lokacin shiga ake karanta rukunonin mutum, a liƙa su a jikin zaman da aka buɗe masa, kuma duk wani shiri da ya fito daga wannan zama yana gadar jerin nan yadda yake. Kamar katin da maigadi ke rataya wa baƙo a bakin ƙofa ne: ko an soke sunansa a littafin ofis, muddin bai fita ba katin na wuyansa, sai ya zo sake shiga a tare shi. Sudo a Linux, in ba a canza masa saiti ba, jerin da ke jikin zaman yake dubawa. Saboda haka bayan kuskuren Alhamis, zaman da ke buɗe ya ci gaba da zama ɗan rukunin `sudo`.

Da a ce injiniyan yana fita ya sake shiga kamar kowa, da tun daren Alhamis ya gane. Amma a cikin tmux yake aiki, manhajar da ke riƙe zama a buɗe ko an yanke haɗuwa, kamar yadda ya dace ga wanda intanet ke yanke masa. Duk lokacin da ya shiga sai ya buga `tmux attach`, ya koma tsohon zama. Uwar tmux tun kafin kuskuren take gudana, kuma kowace sabuwar taga daga jikinta take fitowa, da tsofaffin rukunoni. Kwana uku yana wucewa ta zaman da ba shi da sudo, cikin daƙiƙa biyu ya faɗa wanda ke da shi, bai sani ba.

Akwai ma alamar da ta bayyana aka wuce ta. A cikin tmux, `docker ps` ya ci gaba da cewa ba shi da izinin taɓa `/var/run/docker.sock`, duk da an sa shi a rukunin. Dalilin ɗaya ne: tsohon zama bai san da sabon rukuni ba, kamar yadda bai san an cire tsofaffin ba. Ya ci gaba da `sudo docker`, aiki ya tafi. Da wuta ta ɗauke, tmux ya mutu, zama na ƙarshe mai ikon sudo ya tafi tare da shi.

Gwajin da zai kama wannan nan take shi ne kwatanta `id -nG` da `id -nG injiniya`. Na farko yana faɗin abin da ke jikin zaman da ake ciki, na biyu yana karanto abin da ke rubuce a fayil. Bayan an ƙara rukuni, na biyun ya kamata ya fi na farko tsawo. Idan ya fi shi gajarta, kada a rufe tagar nan, a gyara tun ana da iko.

Shi ya sa tambayar farko ga duk wanda ya rasa sudo daga nesa ita ce: akwai tsohon zama da bai mutu ba? A duba `tmux ls` da `screen -ls`, a duba ko akwai wata taga a wata kwamfuta da aka bari a buɗe. Masu amfani da `ControlMaster` a saitin SSH, wanda ke sa zama da yawa su bi ta haɗuwa ɗaya, su ma suna iya samun tsohuwar haɗuwa tana nan, kuma sabon zaman da ya bi ta cikinta tsofaffin rukunoni yake ɗauka. Idan aka dace da ɗaya, gyaran layi ɗaya ne. A wannan sabar `uptime` ya nuna awa biyu da tashi, babu abin da ya rage.

Abin lura ga masu hayar sabar: samfurin Ubuntu da kamfanonin haya ke bayarwa yakan zo da fayil `/etc/sudoers.d/90-cloud-init-users`, wanda ya ambaci asusun `ubuntu` da sunansa. A can wannan kuskure ba ya ƙwace sudo, `adm` da sauran kawai ake rasawa. Wanda ya saba da irin waɗannan na'urori zai iya yin kuskuren sau da dama bai ji a jikinsa ba, sai ranar da ya yi shi a na'urar da aka girka da hannu.

Gyara

Kafin gyara sai a san abin da za a mayar. Duk lokacin da aka canza `/etc/group`, ana ajiye kwafin da ya gabata a `/etc/group-`. Tunda ba a sake taɓa rukunoni ba tun Alhamis, `diff /etc/group- /etc/group` ya nuna komai: `adm:x:4:syslog,injiniya` ya koma `adm:x:4:syslog`, `sudo:x:27:injiniya` ya koma fanko, haka sauran. Kwafi ɗaya tak ake ajiyewa, don haka da an girka wata manhaja mai buɗe sabon rukuni a tsakani, da wannan shaida ta goge.

Hanyar komawa ciki kuwa tana cikin kuskuren kansa. Rukuni ɗaya da ya rage shi ne `docker`. Injin Docker a matsayin root yake gudana, kuma duk wanda ke rukunin zai iya umartarsa ya ɗora kowane ɓangare na faifai a cikin kwantena. Takardun Docker da kansu sun faɗa a fili cewa wannan rukuni daidai yake da ikon root. Umarnin da aka yi amfani da shi:

`docker run --rm -it -v /:/gida alpine chroot /gida /bin/bash`

`-v /:/gida` yana ɗora dukan faifan sabar a `/gida` cikin kwantena, `chroot` ya mayar da wurin ya zama tushe, sai mutum ya tsinci kansa a matsayin root a kan fayilolin sabar na gaske. `--rm` yana share kwantenar bayan an fita. Alpine, ƙaramin Linux ɗin da kwantenar ke tashi da shi, 'yan megabait ne, ko intanet mai rauni zai sauke shi. Idan babu intanet sam, a duba `docker images`, a ɗauki wanda ke nan mai `chroot` a ciki, a ƙara `-u 0 --entrypoint chroot` don kada ya tashi da nasa shirin ko da asusun da ba root ba.

Daga ciki:

`/usr/sbin/usermod -aG adm,cdrom,sudo,dip,plugdev,lxd injiniya`

`/usr/sbin/grpck -r`

Kada a kwafa `/etc/group-` a kan `/etc/group` don neman sauƙi. Akwai `/etc/gshadow` da ke tafiya tare da shi, `usermod` yana gyara su biyun, kwafi kuwa ɗaya zai gyara ya bar su suna saɓa wa juna. `grpck -r` yana duba daidaiton ba tare da canza komai ba, shirunsa shi ne lafiya.

Ba a fita daga wannan taga ba tukuna. Aka buɗe taga ta biyu, aka yi sabuwar shiga da `ssh -o ControlPath=none`, don tabbatar da cewa ba ta tsohuwar haɗuwa aka bi ba. `id -nG` ya nuna duka rukunonin, `sudo -l` ya jero izinin, `sudo -v` ya karɓi kalmar sirri bai ce uffan ba. Sai a lokacin aka buga `exit` a ta farko. Wannan tsari bai kamata a saɓa masa ba a duk aikin da ya shafi sudoers, rukunoni, PAM (tsarin tantance mai shiga) ko saitin sshd: taga ɗaya mai root ta zauna a buɗe har sai sabuwar shiga ta tabbatar da gyaran.

Da `adm` ya dawo, rajista ta cike labarin. `zgrep usermod /var/log/auth.log*` ya fito da layukan Alhamis, har da `delete 'injiniya' from group 'sudo'`, da sa'ar da abin ya faru. Layukan Litinin kuma suna ɗauke da `user NOT in sudoers`. Wannan shi ne rahoton da saƙon ke barazana da shi: layi a rajista, da wasiƙa zuwa ga root idan na'urar na da abin aika wasiƙa. Shigar da aka yi ta kwantena ba ta bi ta sudo ba, babu layin sudo da zai nuna ta, don haka aka rubuta ta da hannu a littafin aikin sabar, aka kuma sanar da hukumar makarantar. Wannan hanya ta wanda aka damƙa wa na'urar ce. Wanda aka cire daga `sudo` da gangan, ya bi ta nan ya mayar da kansa, kutse ya yi.

Da a ce Docker bai buɗe ba

Ba kullum ake dacewa ba. Docker da aka girka a yanayin da ba ya gudana da root ba zai ba da wannan iko ba. Wanda aka girka ta snap an takaita masa fayilolin da yake gani. A na'urori masu SELinux ma ana iya hana kwantena rubutu a `/etc`. Sannan sau da yawa rukunin da aka yi kuskuren a kansa wani ne dabam, kamar `www-data` ko `dialout`, wanda ba ya kai kowa ko'ina.

A irin wannan hali SSH ya gama amfani, sai allon na'urar kanta. Sabar haya tana da allon gaggawa a shafin kamfanin, manyan sabobi na Dell da HP suna da iDRAC da iLO. Ƙaramar sabar makaranta kuwa sai mutum ya tsaya a gabanta da allo da madannai. A sake kunna ta, a danne Shift idan tsohon BIOS ce, ko a danna Esc idan UEFI ce, har jerin GRUB, wato jerin zaɓin tada na'ura, ya bayyana. A zaɓi `Advanced options for Ubuntu`, sai layin da ke ɗauke da `recovery mode`, sai `root`. Tunda asusun root a kulle yake, Enter kawai ake dannawa. Daga nan `mount -o remount,rw /`, sai umarnin `usermod -aG` na sama, sai `reboot`. Idan faifan a rufe yake da LUKS, sai an sa kalmarsa kafin a kai nan.

Idan akawu ko malamin kwamfuta ne zai buga a madadin injiniya, kada a karanta masa umarni ta waya. Bambancin `-aG` da `-ag` da `-G` ba ya fita a murya, kuma shi ne asalin matsalar. A tura masa layi ɗaya a rubuce ta WhatsApp, ya buga, ya ɗauki hoton allo ya turo, sai an gani an amince sannan ya danna Enter.

Abin da aka canza a sabar

An daina amfani da `usermod` wajen ƙara rukuni. `gpasswd -a injiniya docker`, ko `adduser injiniya docker` a Debian da Ubuntu, suna ƙarawa ne kawai, ba su da sigar da za ta kwashe sauran.

An ba asusun layinsa na kansa da `visudo -f /etc/sudoers.d/injiniya`, mai ɗauke da `injiniya ALL=(ALL:ALL) ALL`, yadda ikonsa ba zai rataya a kan rukuni kaɗai ba. A kula da sunan fayil ɗin: sudo yana tsallake duk fayil a wannan wuri da ke da ɗigo a sunansa ko ya ƙare da `~`, don haka `injiniya.conf` zai zauna nan ba a taɓa karanta shi ba. `visudo -c` ya tabbatar da cewa an karanta shi kuma babu kuskure.

An buɗe asusu na biyu na gaggawa, mai mabuɗinsa dabam, kalmar sirrinsa a rubuce cikin ambulan a akwatin ƙarfe na shugaban makarantar, kuma an gwada shi daga nesa a ranar. Ba a buɗe shigar root da kalmar sirri ta SSH ba, ko da yake an kawo shawarar. Sabar da ke fuskantar intanet tana shan gwajin kalmomin sirri a kan sunan `root` dare da rana.

Bayan duk wannan ya tabbata, aka cire `injiniya` daga `docker` da `gpasswd -d injiniya docker`, aka cire shi daga `lxd` ma, tunda ba a amfani da shi kuma shi ma yana kai wa ga root. Rukunin da ya ceci aikin ranar Litinin shi ne zai ba duk wanda ya saci mabuɗin SSH ɗin injiniyan ikon root ba tare da an tambaye shi kalmar sirri ba, a na'urar da ke ɗauke da bayanan yara. Yanzu `sudo docker` ake bugawa, kuma kowane umarni yana barin layinsa a `auth.log`.